Hasaacas: 'yan matan da suka riƙe sunan gida bayan maza sun faɗo

Ranar Juma'a, 19 ga Nuwamba, 2021, na rufe rumfata da wuri. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina sayar da albasar Galmi a Takoradi, ban taɓa barin ciniki saboda ƙwallo ba sai ranar. Abin da ya fi ba abokan kasuwa dariya shi ne ƙwallon ma na mata ne. Wani maƙwabcina mai sayar da wake ya ce, "Alhaji, tsufa ne ko asara ce ta taɓa ka?" Na ce masa ba ko ɗaya, alkawari na yi wa Auta.

A ranar ne Hasaacas Ladies ta Sekondi ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka a Alƙahira, karon farko da hukumar CAF ta shirya gasar. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ci su biyu da nema. Auta, tana da shekara 12 a lokacin, ta yi kuka har da shessheƙa a gaban talabijin. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne: ashe shekaru ina zaune kusa da wannan ƙungiya, rabinta kawai na sani.

Mu 'yan kasuwa idan aka ce ƙungiyar ƙwallo, mutum 11 ɗin nan da muke gani ranar Lahadi su ne kawai ke zuwa mana a rai. Alhali babbar ƙungiya kamar gidan gandu take, akwai ɗakuna a ciki. Gidan Hasaacas ɗaki uku ne: babbar ƙungiyar maza, sai ta matasa da ake kira Malavands, sai ta mata. Ta mazan tsohuwa ce, ta ci kofin lig na Ghana a 1977, magoya bayanta na kiranta Hasmal. Amma lokacin da 'yan matan ke Alƙahira, mazan sun riga sun faɗo daga babban rukuni suna fama a na ƙasa. Wato sunan da kakanni suka kafa, 'yan matan da ake wa kallon 'yan rakiya ne suka kai shi bakin duniya.

Kuma ba da sa'a suka je ba. A shekarar sun ci lig na mata na Ghana, sun ci kofin ƙalubale, sannan suka tafi Abidjan wasan share fage na yankinmu. A can suka haɗu da AS Police ta Nijar, wasan da ya sa ni tsaka mai wuya, don ban san wa zan goya wa baya ba, ƙasar haihuwa ko garin da nake cin abinci. Rivers Angels ta Najeriya ta doke su a rukuni, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Hasaacas ta rama da ci 3 da 1. A Alƙahira suka fitar da ASFAR ta Maroko a wasan kusa da na ƙarshe. Evelyn Badu ta fi kowa cin ƙwallo a gasar, aka kuma ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasa, ba a jima ba ƙungiyar Avaldsnes ta ƙasar Norway ta ɗauke ta. Kocinsu a lokacin Yusif Basigi ne.

Zan dawo kan matan. Bari in fara da ɗakin matasa, don shi ya fara shigo mini gida.

Duk wanda ya yi noman albasa ya san ba a watsa iri kai tsaye a gona. Sai an yi reno a ɗan fili, ya yi ƙwari, sannan a cire a dasa. Ƙungiyar matasa ko ta 'yan jiran gado ita ce wurin renon. Nan ake ajiye yaron da ya fi ƙarfin ƙwallon unguwa amma bai kai a saka shi babban wasa ba, nan kuma babban ɗan wasa da ya tashi daga jinya yake fara gwada ƙafarsa. Hearts of Oak ta Accra ma tana da tata, Auroras. Kada a ɗauka don Allah kawai ake wannan ɗawainiya, akwai lissafi a ciki. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. To ka ga yaron da ke wurin reno jari ne. Sai dai fa kamar kowane reno, ba duk abin da ya tsiro ake dasawa ba. Mafi yawa a nan suke bushewa.

Ɗan ƙanena na cikin waɗanda suka bushe. An turo mini shi daga gida don ya koyi kasuwa, sai ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Wata ƙungiya a wani gari, ba ta Sekondi ba, kuma ba zan kama suna ba, ta ɗauke shi cikin matasanta. Shekara uku yana can. Ba albashi, sai ɗan kuɗin mota in an ci wasa, takalmi ma ni ke saya. Makaranta ya bari, rumfa ya bari. Ana nan wani mutum mai jaka da turare ya zo har gida ya ce shi eja ne, zai kai yaron Turai gwaji, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Yaron bai cika 18 ba. Da na san abin da na sani yau, da tun a zaure zan sallame shi, domin dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da 'yan wasu dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura don wani abin da ba ƙwallo ba. Ban sani ba. Na ba da kuɗin da ya kai ribar mota guda ta albasa. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Da yaron ya ji rauni a gwiwa muka je neman takardunsa, sai muka tarar ko rajista ba a yi masa da hukuma ba. Shekara uku yana gudu a rana, a takarda babu shi. Laifina ne ni ma. Ni da ba na sauke buhu goma ban ga rasit ba, na miƙa ɗan mutum ban nemi ko ƙyallen takarda ba. Yanzu yana rumfa tare da ni, yana da hannun ciniki, alhamdu lillahi, amma in hadari ya haɗu gwiwar tana tuna masa.

Da wannan tabon a zuciyata Auta ta same ni bara, bayan sallar isha'i, ta durƙusa ta ce, "Baba, malamin wasanninmu ya ce in je gwaji."

Uwarta ta riga ni magana. "Alhaji, kada ka soma. Me za a ce da mu a zango? Me za a ce a gida in labari ya kai?"

Ba zan ce maganarta ba ta da tushe ba. Mu baƙi ne, mutuncinmu shi ne jarinmu na farko, kuma duk uban 'ya mace ya san abin da ake nufi da "me za a ce". Akwai maganar sutura, akwai tafiye-tafiye da kwana a wani gari, akwai maza masu horarwa, akwai aure da ke tafe. Wanda ya ce waɗannan ba komai ba ne, bai haifi 'ya mace ba. Amma na ga wasu abubuwa da idona. Tun 2014 masu dokokin ƙwallo suka halatta rufe kai a fili, kuma a gasar kofin duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta duniya na kallo. Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, ita ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay a 2018, ƙwallo 7. 'Yar musulmi ce kamar tawa. Sannan CAF ta sa wa ƙungiyoyin maza sharaɗin su mallaki ƙungiyar mata kafin a ba su lasisin shiga gasanninta. Wannan ya buɗe ƙofofi, ko da yake ni ɗan kasuwa ina zargin wasu za su kafa ta mata ne don cika takarda kawai, kamar mai ajiye awo biyu, ɗaya na nuna wa hukuma. Shi ya sa Hasaacas ta burge ni, tata ta girmi sharaɗin da shekaru.

Kuɗi kuwa, kada kowa ya ruɗe ku. Ƙwallon mata a nan ba ya ciyar da gida. Ƴan kaɗan ne ke fita waje kamar Evelyn Badu. Abin da na fi gani da amfani shi ne wasu na samun makaranta ta dalilinsa, wasu kuma aikin ɗamara, don 'yan sanda da gidan yari da shige da fice da soja duk suna da ƙungiyoyin mata a Ghana.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ranar Asabar na bar wa yaron nan rumfa, na sa babbar rigata na tafi filin da ƙungiyar da ke son gwada ta take atisaye, wata ƙarama ce a nan kusa. Na zauna a benci kamar mai jiran mota. Da aka tashi na sami kocin na yi masa tambayoyin da ban yi ba a karon farko. Za a yi mata rajista da hukumar ƙwallo, in ga katin da idona? In ta ji rauni wa zai biya asibiti? In za a yi tafiya, akwai babbar mace da ke kwana tare da su? Atisaye na cin lokacin makaranta da na Islamiyya? Akwai takardar da zan sa wa hannu, kuma za a ba ni in kai wa wanda ya iya Turanci ya karanta mini kafin nan? Ya amsa uku ba tare da inda-inda ba. A kan asibiti ya sosa ƙeya ya ce sai ya tambayi shugabansu. Wallahi wannan sosa ƙeyar ta fi kwantar mini da hankali a kan zaƙin bakin mai jaka.

Da na dawo na tarar da uwa da 'ya a tsakar gida ba mai ce wa wani uffan. Na ce gwaji dai za ta je, da dogon wando da hijabi, yayarta ta raka ta, kuma ranar da sakamakon makaranta ya sauka, ranar takalmin zai shiga akwatina. Uwarta ta ce, "To, ka ji da mutanen gida da kanka, ni ba ruwana." Har yanzu ban kira yayana na Galmi na gaya masa ba. Kocin ma bai kawo amsar asibitin ba, ni kuma ban sa hannu a komai ba.