Tsohon Soja da Gidansa: Tunawa da Kyaftin Chari Maigumeri da 'Yan Bama

 

Duk wanda ya yi wayo a Gafasa, ko wani gari na ƙasar Gaya da Ajingi, shekara talatin ko arba'in da suka wuce, ya san irin dattawan nan da ake ce wa 'yan Bama. Ana gane su tun daga nesa, don ko tsufa ya kama su tafiyarsu ba ta barin ta soja. In an zauna hira bayan sallar isha, su ne masu labarin teku da jirgin ruwa, da dajin da rana ba ta ratsa shi. To, yau an wayi gari samun ɗayansu a raye ya zama abin mamaki, domin wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18, ya cika shekara 100 a 2025. Saboda haka ya kamata a tuna da su tun waɗanda suka ji magana daga bakinsu ba su bi bayansu ba.

A cikin sojan Nijeriya na wancan zamani babu wanda labarinsa ya shahara kamar Chari Maigumeri, mutumin Barno. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin ƙasar tana hannunsu. Da yaƙi ya tashi a 1914 ya yi faɗa a ƙarƙashin tutarsu, har aka ci Garwa a 1915, Ingilishi suka kama shi. A 1917 ya shiga rundunar Nijeriya, aka tafi da shi Afirka ta Gabas, ya tsaya gaban iyayen gidansa na dā. Wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali: wanda ka yi wa gaisuwar soja jiya, yana yiwuwa gobe a umurce ka ka ɗana masa bindiga. Mulkin da ba ya juyawa na Allah ne Shi kaɗai.

Da aka yi sulhu bai bar aiki ba. Ya yi ta hawa daga muƙami zuwa muƙami har ya zama babban Samanja na bataliya, wanda a zamanin nan shi ne ƙarshen inda baƙar fata kan kai a soja. Sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Aka aika da sojan Nijeriya su yaƙi Italiya a ƙasar Somaliya da Habasha. Suka shiga Makadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa arewa har Harar, ba a kai tsakiyar Afrilu ba Adis Ababa ta kuɓuta. A wannan yaƙi Maigumeri ya sami lambar jarumtaka. Bayan nan aka kai shi Bama, a 1944 kuma aka ƙara masa wata lambar girma ta Daular Ingila. A 1953 ya halarci naɗin Sarauniya a Landan, a shekarar kuma ya ajiye aiki bayan shekara 36, aka ba shi muƙamin Kyaftin don girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Shi ke nan labarin babba. Amma bayan kowane Samanja akwai ɗaruruwan ƙananan soja waɗanda ba a rubuta labarinsu ba, cikinsu har da manoma da almajirai na Lardin Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne aka yi ta ɗibar samari ta hannun hakimai da dagatai. Waɗansu sun tafi da son ransu, don albashi ko don ganin duniya, waɗansu kuwa ba a tambayi ra'ayinsu ba. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, jirgin ruwa ya ɗauke su har ƙasar Indiya. Runduna biyu aka haɗa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta farko ta isa a 1943, ta biyu ta bi ta a 1944.

Ƙasar da aka kai su, watau Arakan a yammacin Bama, ba ta yi kama da ƙasar Hausa ko kaɗan ba. Tsaunuka ne da koguna da kurmin gora, ga ruwan sama na wata da watanni, ga sauro da matsattsaku. A kwarin Kogin Kaladan mota ba ta da hanya, sai aka riƙa jefo musu abinci da harsashi daga jirgin sama, waɗansu kuma aikinsu ke nan ɗaukar kaya a ka, suna biye da masu bindiga cikin haɗari iri ɗaya. Zazzaɓi da atuni sun kwantar da mutane da yawa ban da waɗanda harsashin Japan ya samu. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi tattaki har can ya gaishe su, ya ƙarfafa musu zuciya. A watan Janairu na 1945 suka ci garin Myohaung, a watan Agusta kuma, wanda ya zo daidai da Ramalan na 1364, Japan ta miƙa wuya. Yawancinsu ba su ga gida ba sai 1946. Waɗanda Allah bai nufa da dawowa ba, akwai masu kabari a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, akwai kuma waɗanda sunansu kaɗai aka sassaƙa a jikin dutse a wurin, don ba a san inda suka kwanta ba.

Yaƙin nan bai tsaya a kan maza kaɗai ba. Mace ta zauna shekara uku ko huɗu tana jiran wasiƙar da malamin unguwa zai karanta mata, wani lokaci wasiƙar ta yanke, ba labarin rai ba na mutuwa. Malamai sun san hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala: sai ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Abin da almajiri yake karantawa a littafi, matan soja sun ɗanɗana shi a cikin ɗakunansu. Yara kuma sun tashi suna kiran kawu ko baffa uba, har ranar da baƙo ya yi sallama da akwati a ka, aka ce musu ga mahaifinku.

A nan ne aka ga bambancin maza. Kuɗin sallama da aka ba su, wani ya ƙarar da nasa a bariki cikin wata biyu, ya koma gida da takalmi da labari. Wani kuwa ya sayi gona ko keken ɗinki ko jaki, ya yi aure, ya biya wa tsohonsa haraji. Waɗanda suka koyi tuƙin mota a soja suka zama direbobin gyada, waɗansu suka shiga aikin ɗan doka na En'e, da yawa kuma suka koma ga fartanya kamar ba su taɓa ganin teku ba. Irin wannan dattijo shi ne ya ciyar da gida shekara hamsin ko sittin, ya kai 'ya'ya makarantar allo, ya aurar da mata, ya riƙe marayun ƙannensa, ya ga jikoki da tattaɓa kunne. Yaƙin Bama shekara biyu ne ko uku, riƙon gida kuwa sai ranar da aka ɗauki mutum a makara. Wanda ya san nauyin biyun ya san wanda ya fi wuya.

Gwamnati tana da tata hanyar tunawa. An sa wa barikoki sunayen wuraren da aka gwabza: Myohaung da Arakan a Ikko, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Letmauk a Badun. An kuma keɓe ranar 15 ga Janairu kowace shekara don tunawa da mazan jiya. Amma ƙaramin soja na ƙauye ba shi da bariki sai gidan da ya bari. In 'ya'yansa sun manta da shi, to ya mantu ke nan.

Saboda haka akwai kira ga jama'a. Wanda aka bar masa takardar sallama ko lambar yaƙi a gado, ya adana ta inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. 'Yan kasuwa kuma, in yaro ya kawo lambar kakansa zai sayar da kuɗin goro, a yi masa nasiha ya mai da ita gida, ribar wannan ba ta da albarka. Malamai, su da Allah Ya ba alƙalami, su zauna da tsofaffin matan da suka rage da manyan 'ya'ya, su rubuta sunan mutum da shekarar tafiyarsa da ta dawowarsa da abin da ya faɗa, ko da a bayan takardar asalin gida ne. In kuwa akwai gwauruwar tsohon soja a unguwa tana cikin rashi, haƙƙinta yana wuyan maƙwabta tun kafin ya kai ga hukuma. Hadisi ya tabbatar da cewa addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba su yankewa bayan mutuwa, ɗan da bai san wahalar da ubansa ya sha ba kuwa, addu'arsa ba ta yin zafi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a dajin Bama ba mai yi musu sutura sai abokan tafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka dawo suka riƙe iyali da gaskiya har ajali ya cim musu. Allah Ya kiyashe ƙasar nan da fitinar yaƙi, in tamu ta zo Ya sa a cika da imani, amin.