Lambar da ɓarawon intanet ke fara nema

Duk wanda ya shiga gasar koyon tsaron kwamfuta, irin wadda ake kira kama tuta, ba ya jimawa sai ya ci karo da tambaya mai kama da raini: a haɗa ka da wata kwamfuta ta nesa, a ba ka baƙin allo babu hoto babu abin latsawa, a ce ka faɗi wace manhaja take ɗauke da ita, kuma wace siga ce. Dandalin picoCTF, wanda Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fara a 2013 domin 'yan makaranta, da irin waɗannan ƙananan darussa yake tarbar sabon shiga. Saurayin da ke Konni ko Illela, in yana da waya da ɗan kuɗin intanet, zai iya gwadawa kyauta.

Aikin bai kai ya kawo ba. A kwamfuta mai Linux, ka rubuta uname -r ka danna, sai ta nuna lambar ƙwayar manhajar, wato sashen da ke hulɗa kai tsaye da ƙarafan na'urar. In ka rubuta uname -a, za ta ƙara da sunan na'urar da irin ƙirarta. A nan ne sabon shiga ke ruɗewa, domin Linux ɗin da Linus Torvalds ya fitar a 1991 ƙwayar ce kawai. Su Ubuntu da Debian da Kali kowa ya ɗauka ya yi mata tasa sutura, da tasa lambar daban. Mai neman wannan lamba ta biyu sai ya rubuta cat /etc/os-release. In ya ga Ubuntu 22.04, to watan huɗu na 2022 aka fitar da ita, haka masu ita suke lissafi. Da yawa sukan aika lambar ƙwaya alhali ta suturar aka tambaya, su yi ta zargin dandalin da lalacewa.

To me ya sa ake fara koyarwa da wannan? Makanikin babur a bakin tashar Konni ba ya aika yaro sayen kayan gyara sai ya san ƙirar mashin ɗin. Mai kutse ma haka yake. Kurakuran da aka gano a manhajoji a rubuce suke a fili, kowanne da jerin sigogin da ya shafa. Da zarar ya ga lambarka, ya san ta inda zai ɓullo maka. A 2016 an bankaɗo wani kuskure a ƙwayar Linux da aka yi wa laƙabi da Dirty COW, wanda ke ba ƙaramin mai amfani ikon mai gida gaba ɗaya, kuma tun 2007 yake kwance ba a lura ba. A watan Mayun 2017 kuwa, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta rikita asibitocin Ingila, ta tsayar da aiki a wasu masana'antun motocin Renault a Faransa, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Abin da ya iya tsayar da Renault, ai ba zai ji kunyar masana'antar simintin Malbaza ko ɗakin ajiye bayanan wani asibiti ba, in aka bar na'ura ba sabuntawa.

Ni dai a ganina, mai shagon buga takardu ya fi ɗan gasa bukatar wannan darasi. Kwamfutocin kwance da ke shigo mana, da yawansu da tsohuwar Windows suke zuwa. Ka rubuta winver a wurin bincike, ka ga abin da kake zaune a kai. Windows 7 an daina yi mata gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Mai wayar Android ma, da yake ita ma ƙwayar Linux ce a cikinta, zai iya saka manhajar Termux ya gwada uname a kan kayansa.

A kan kayansa fa na ce, ko a kan kwamfutocin da masu gasa suka tanada domin atisaye. Shiga na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019, ko da lambar siga kawai ka je dubawa.