Panteyon: ginin da ya kusa shekara 1900 a tsaye

A ƙasar Italiya, cikin birnin Roma, akwai wani tsohon gini da ake kira Panteyon. Romawan dā suka gina shi don bautar allolinsu. An gama aikin wajen shekara ta 126, zamanin sarki Hadriyan. Har yau rufinsa bai faɗi ba.

Ginin kewayayye ne, da babbar tulluwa bisa kansa. Faɗin tulluwar mita 43 ne. Daga daɓe zuwa ƙololuwa ma mita 43 ne. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakar ɗakin. Babu ƙarfe cikin rufin. Duk duniya babu tulluwar kankare maras ƙarfe da ta kai ta girma.

Mi ya hana ta faɗuwa?

Dalili na farko, kwaɓi. Maginan Roma suna ƙona farin dutse ya zama farar ƙasa. Sai su gama ta da tokar dutse mai aman wuta, da ruwa, da tsakuwa. In kwaɓin ya bushe sai ya koma kamar dutse. A shekara ta 2023 masu bincike sun nuna wani abin mamaki. Cikin kankaren Romawa akwai ƴan dunƙulen farar ƙasa. In gini ya ɗan tsage, ruwa ya shiga, sai su narke su liƙe tsagar.

Dalili na biyu, rabon nauyi. Kaurin bango ya kai mita 6. A gindin ginin an sa dutse mai nauyi. Da aiki ya yi sama, sai aka sa guntayen tubali. A can ƙoli an sa dutse sakwat mai huji-huji. Kaurin rufin ma raguwa yake, har ya koma mita 1 da ƴan kai.

Dalili na uku, an rage ma rufin kaya. An yi masa gurabu 140 daga ciki. A tsakiya an bar kafa buɗe, faɗinta kusan mita 9. Ta nan haske ke shiga. Ruwan sama ma yana shiga, amma akwai ƴan ramu a daɓe da ke janye shi.

A shekara ta 609 aka maida Panteyon coci. Wannan ya sa ba a bar shi ya zama kango ba: ana shara, ana gyara.

Baƙi daga ƙasashe da yawa suna zuwa kallonsa. A bakin ƙofa suna tarar da ginshiƙai 16 na dutse, waɗanda aka ɗauko daga Masar ta jirgin ruwa. Tun shekara ta 2023 sai an biya kuɗi ake shiga.

Magini ko na ina ne yana da abin koyo a nan: kwaɓi mai kyau, nauyi a ƙasa, sauƙi a sama, da gyara kan lokaci.