Da an bar attajiri ya hau kujera

Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take. Amma waiwaye adon tafiya ne. Saboda haka, ya ku masu karatu, bari mu koma shekarar 1993, mu dubi wani al'amari da ya faru a maƙwabciyarmu Najeriya, mu tambayi kanmu: da bai faru haka ba, ina za a kwana?

Ran 12 ga watan Yuni na 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a can. 'Yan takara biyu ne, kuma dukansu 'yan kasuwa. Na farko Alhaji Mashud Abiola, Bayarabe mutumin Abeokuta, mai kamfanoni da jaridu, a jam'iyyar SDP. Na biyu Alhaji Bashir Tofa, Bakano, a jam'iyyar NRC. Lissafin da ya fito ya nuna Abiola ya sami kamar kashi 58 cikin 100 na ƙuri'u. Abin mamaki, har a Kano, gidan abokin takararsa, shi ne ya yi rinjaye. Shi da mataimakinsa Babagana Kingibe duka Musulmi ne, amma Kiristoci da dama sun jefa masu ƙuri'a.

Ran 23 ga wata sai gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. Daga nan ƙasa ta rikice. Hayaƙin ma ya iso mu: a watan Oktoba wasu samari huɗu suka karkato jirgin saman Najeriya zuwa Yamai don nuna fushinsu. A watan Nuwamba Janar Sani Abacha ya karɓe mulki. Aka kama Abiola a 1994, ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli na 1998.

To, mu ƙaddara an rantsar da shi ran 27 ga Agusta na 1993, kamar yadda aka tsara. Wasu abubuwa kam da wuya su faru. Da ba a harbe matarsa Kudirat a Legas ba a 1996. Da wataƙila Shehu Musa 'Yar'aduwa na Katsina bai mutu a kurkuku ba a 1997.

Amma ko talaka zai ƙoshi? Nan ne gizo ke saƙa. Masu ƙaunarsa na cewa wanda ya iya juya kuɗi zai iya juya ƙasa. Sai dai ƙasa ba kanti ba ce. Mai kanti yana korar yaron da bai yi masa ba, yana rufe reshen da ba ya kawo riba. Shugaba kuwa ba ya korar talakawa, ba ya rufe asibiti don bai kawo riba ba. Ga bashin waje mai nauyi yana jiransa, ga darajar naira tana faɗuwa. Ga kuma wata tambaya: ranar da amfanin kamfaninsa ya ci karo da amfanin jama'a, wanne zai ɗauka?

Sai batun soja. Mu nan Nijar mun ga misali. A watan Maris na wannan shekara ta 1993 muka zaɓi Mahamman Usman, aka rantsar da shi lami lafiya. Duk da haka, ran 27 ga Janairu na 1996 soja suka hamɓarar da gwamnatinsa. Ashe hawa kujera daban, zama a kanta daban. Ba mamaki Abiola ma ya gamu da irin wannan.

Ke nan hasarar da aka yi ba ta mutum ɗaya ba ce. Abin da aka rasa shi ne damar auna shi. Da ya yi shekara huɗu, Bakanon da ya zaɓe shi don cancanta, ba don ƙabila ba, zai dubi aikinsa a 1997, ya maido shi ko ya sallame shi da ƙuri'a. Ta haka jama'a ke koyon cewa mulki aro ne daga hannunsu.

A 2018 gwamnatin Najeriya ta mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ta karrama Abiola da lambar girma mafi ɗaukaka. Ya yi kyau, amma yabo bayan rai ba ya maido ƙuri'ar da aka zubar. Wanda jama'a suka zaɓa, attajiri ne ko malamin lakwal, a bar shi ya nuna halinsa, sa'an nan su yanke masa hukunci.