Bindigar Noti: Wacce Za a Saya, Kuma Ina Iyakar Aikinta?

Duk wanda ya taɓa ganin yaron gareji ya zura bututun ƙarfe a hannun sifana, ya haye kai yana tsalle, ya san wahalar da notin taya ke iya bayarwa. Haka na tashi ina gani a garejin kawuna a Gusau, kuma har yau haka masu faci da yawa ke yi a Tsafe da Bunguɗu. Sai dai 'yan shekarun nan bindigar noti ta shigo, tana kwance taya huɗu kafin direba ya shanye ruwan leda.

Aikinta bugu ne. A cikinta akwai wata ƙaramar guduma mai juyawa. Idan noti ya cije, sai gudumar ta riƙa dukan gindin soket, fiye da sau dubu a minti ɗaya. Wannan girgizar ce ke farfasa tsatsar da ta manne a haƙoran noti, abin da jan hannu ba ya yi, don shi yakan murɗe ƙarfen ne har ya tsinke. Tun 1934 kamfanin Ingersoll Rand na Amurka ya fito da mai aiki da iska.

Mai son saye ya fara duban motocin da ke shigo masa. Notin tayar Golf ko Corolla, ɗaurinsa bai wuce ma'aunin ƙarfin murɗawa na Nm 100 zuwa 120 ba. Na tirela kuwa, irin su DAF da MAN da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, yana kaiwa wajen Nm 600. Don haka bindiga mai bakin rabin inci ta wadaci mai gyaran ƙananan motoci da bas, amma mai facin da ke jiran manyan motoci a bakin titin Tsafe, sai mai bakin inci ɗaya. Ga bakaniken da ke taɓa injin Honda, ina ba shi shawara kada ya sayi wadda ƙarfinta ya gaza Nm 600, saboda notin fulin gaban injin nan da Nm 245 ake ɗaure shi, kuma bayan shekaru na zafi da ƙura yakan nemi ninkin hakan kafin ya motsa.

Sai batun iska ko batir. Ta iska ta fi ƙarko da sauƙin gyara, amma tana son matsin iska na psi 90 da tanki babba da tiyo mai faɗi. Ƙaramin injin hura taya ba ya ciyar da ita: za ta yi bugu biyu ta sare. Ga kuma fetur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya sa tayar da inji saboda noti biyar ya zama abin lissafi. Ni dai a wurinmu ta batir na fi so, ko don ana iya saɓa ta a babur a kai wa motar da ta mutu a Kwatarkwashi. Sharaɗinta batir biyu, kuma kada a bar su cikin rana. Zafin watan Afrilu a Gusau yana haura digiri 40, batirin litiyom kuwa zafi ne ajalinsa.

A kasuwa za ka ga wata da sunan kamfanin Makita a jiki, an rubuta 88V ko 98V a batirinta, kuɗinta bai kai rabin na gaskiya ba. Makita ba ya yin batir mai wannan lamba. Sanannun nasa 18V ne da 40V. Araha ba ta ado. Ka ce a gwada maka a kan tayar mota kafin ka biya. Soket ma a sayi baƙi mai kauri, mai kusurwa shida. Farin nan mai ƙyalli na aikin hannu ne, bugu kan tarwatsa shi, kuma ɓarɓashinsa ido yake nema.

Ko da bindiga a hannu, akwai notin da zai ƙi. Kawuna yakan ce wa yaransa, "Kai yaro, ba a kokawa da noti, lallashinsa ake yi." A goge shi da buroshin waya, a fesa man da ke ratsa tsatsa ko a ɗiga kananzir, a ba shi lokaci ya sha. A ɗan matsa shi gaba kaɗan kafin a juyo baya. In ya ƙi, a kira mai waldar gas ya gasa notin kansa, don ya buɗe ya saki. Amma wuta ba ta kusantar tankin mai ko tiyon birki, kuma ba a gasa notin wili alhali taya na jikinsa, domin zafin kan sa tayar ta fashe ta kashe mutum. Akwai kuma abin da sabon yaro ba ya sani: a motoci irin su Canter, notin tayoyin hagu haƙoransa a juye suke, shi ya sa ake buga harafin L a kansa. Wanda ya saita bindiga yadda ya saba, ƙara ɗaurewa yake yi har ƙarfen ya karye.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaurewa. Na sha ganin an mayar da taya, an danna bindiga har sai ta daina juyawa, direba na murna an ɗaure masa da kyau. Wannan ɗaurin ya ninka abin da kamfani ya ce sau uku ko huɗu. Ƙarfen yana miƙewa, ya yi rauni, wata rana ya tsinke mota na gudu. In bai tsinke ba, ranar da taya ta yi faci, ƙaramar sifanar da ke but ba za ta motsa shi ba. Mu da ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe mun san ma'anar tsayuwa a daji da fasinja cike da mota, magariba ta kawo jiki, a wannan zamani na 'yan bindiga. Canjin taya na minti goma ya koma jiran mai babur ya ɗauko mai faci daga gari.

Yadda ya dace shi ne a soma kowane noti da yatsu, a kai shi kusa da bindiga a ƙaramin giya, sannan a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi, ana tsallaka ɗaya zuwa na daura da shi. Kuɗinta bai kai na bindigar kirki ba, amma garejin da ke da ita kaɗan ne. Inda babu ita, direba ya fito da sifanar motarsa tun yana gaban mai faci, ya kwance noti ɗaya da hannunsa ya mayar. In ya kasa, a sassauta duka a sake ɗaurewa da hannu, kuma ya sake taɓa su bayan tafiyar kilomita 50.