Mai Gyaran Amfilifaya: Kunne Kafin Dalma

A garuruwa irin su Tchake, cikin gundumar Mayahi, amfilifaya kayan aiki ce. Da ita ladan ke kiran salla, da ita mai wa'azi ke kai muryarsa ƙarshen kasuwa, da ita kuma samari masu kiɗan fiyano a gidajen biki ke neman abincinsu. Ran da ta fara ƙugi, wato gurnanin nan da ke kwance ƙarƙashin murya ba ya yankewa, sai a sa ta a buhu, a ɗaure bayan babur, a nufi Mayahi ko Tasawa wurin mai gyara.

Shagon yawanci rumfa ce mai tebur ɗaya: mita, ƙarfen liƙi, dalma, tsohon burushin haƙori na share ƙura, sai tarin matattun rediyoyi da ake ciro kayan gyara daga cikinsu. In an ɗauke wuta, a garwashin gawayi ake gasa ƙarfen liƙin.

Gwani ba ya fara kwance noti. Saurare yake fara yi. Zai cire fiyano da makirfo, ya mayar da murya ƙasa gaba ɗaya. In ƙugin ya ɗauke, matsalar daga waje take shigowa: wayar da ta haɗa fiyano da amfilifaya ta tsinke ta ciki, ko bakinta ya yi tsatsa, ko an jona na'urorin biyu a soket dabam-dabam har wuta ta samu hanyar zagayawa tsakaninsu. Sau da yawa ma laifin adafta ne. Ƙananan fiyanon Yamaha da suka cika kasuwa volt 12 suke ci, in adaftar asali ta ƙone sai a sayo mai araha wadda ba ta tace wuta sosai. Mai gyara kan jona fiyanon da batir. In sauti ya fito tas, an kama ɓarawo.

In kuwa ƙugin bai motsa ba ko an rage murya, ciwon yana ciki. Wutar kamfanin lantarki na NIGELEC volt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Taransifoma ke rage ta, diyod huɗu su miƙar da ita, sannan manyan kondansa su tara ta kamar yadda randa ke tara ruwa, ana ɗiba a hankali ko rijiya ta yi jinkiri. Idan kondansa ta mutu, bugun wutar zai zarce har lasifika sau 100 a daƙiƙa. Wanda ya daɗe a sana'ar yana bambance wannan da ƙugin waya mai bugu 50 da kunnensa kawai, don na kondansa ya fi kaifi.

Zafi ke kashe kondansa. Akwai ruwan magani a cikinta, kuma masu ƙera ta sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu. To, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta toshe kafofin iska, ba mamaki a buɗe akwati a tarar da kanta ya kumbura. Kafin ya taɓa, maigida zai sauke wutar da ta rage a ciki, kuma wannan ne darasin farko da yake koya wa yaron shago, don kondansa tana riƙe wuta bayan an kashe na'ura. Sai ya narkar da tsohuwar dalma, ya sa sabuwar kondansa mai lamba daidai, misali 4700 ko 10000 a volt 50, ya kula da ƙafar da ke ɗauke da alamar ragi. In aka juya ta, fashewa take yi.

Kayan gyaran daga babbar kasuwar Maraɗi ake sayo su, da yawansu kuma ta Sabon Garin Kano suka biyo. Shi ya sa abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya taɓa masu sana'ar ta fuska biyu: rufe iyaka ya sa kaya suka yi tsada, Najeriya kuma ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, har watan Maris na 2024. Ga jabun kaya: tiransista mai lambar 2SC5200 a jiki, a sa ta yau ta ƙone gobe, asarar kuma a kan mai gyara take faɗawa, don mutuncinsa ne a gaba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake biyan aikin. Kondansa ba ta da tsada, kuma mai kaya ya san haka, sai ya tsaya kan kuɗinta: “Haba Malam, wannan ɗan abin?” Ba ya lissafa shekarun da aka yi ana koyon gano wanne ne ɗan abin. In amfilifayar masallaci ce, galibi mai gyara kan karɓi kuɗin kaya kawai, ya bar ladan hannunsa sadaka. Ribar tana zuwa bayan girbi, lokacin bukukuwa, da gab da azumi, lokacin da kowane masallaci ke son lasifikarsa ta tashi don tafsiri. Da damina kuwa ciniki kan yi sanyi, da yawansu gona suke komawa.

Yanzu sola ta shiga ƙauyuka, ta zo da nata ciwon: ƙaramar inbata mai araha tana fitar da wuta mai kaushi da ke sa amfilifaya tsuwa. Masu gyaran da suka gane haka sukan shawarci mai kaya ya ajiye inbatar, ya nemi amfilifaya mai cin volt 12 kai tsaye daga batir.