Idan An Taka Totur Mota Ta Yi Jinkiri

 

Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "Ni da ko zaure ban cika leƙawa ba, ina ruwana da mota?" Ɗan dakata tukuna. Wata baiwar Allah daga Rafin Zuru ta aiko mana da wasiƙa, ta ce sau uku ke nan maigidanta yana aron kuɗin adashinta saboda gyaran motarsa, amma ciwon yana nan. In ya taka totur sai motar ta yi kamar ba da ita ake ba, sai can ta fizga. Ta ce ga shi watan haihuwarta ya kusa kamawa, kuma wannan motar ce za ta kai ta asibiti in naƙuda ta zo cikin dare. To kin ga ashe da ruwanmu. Kuɗinmu ke shiga, kuma mu da 'ya'yanmu muke zama a baya.

Ni kaina na taɓa ɗanɗanawa a hanyar Kontagora, bayan mun wuce Rijau. Direbanmu ya fito zai wuce tirela, ya taka, motar ta yi shiru kamar na numfashi biyu, ga wata ta taho gabanmu. Da ƙyar ya koma bayan tirelar. Tun ran nan na daina ɗaukar wannan jinkiri a matsayin tsufan mota kawai.

Bari mu fara daga abin da kika fi kowa sani, wato murhu. Wuta tana son abu uku: itace, iska, da ashana. In itacen ɗanye ne, sai hayaƙi. In toka ta cika murhu, wutar ta yi ta ci a sanyaye. In ashana ta jiƙe, sai kin yi ta ƙyastawa. To injin motar fetur ma wuta ce ake hurawa a cikin ƙarfe. Fetur shi ne itacen, iska ita ce iskar, fulogi kuma shi ne ashanar. Duk motar da ta yi jinkirin amsa totur, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya makara ko ya gaza.

Mutane da yawa sun ɗauka totur fetur yake buɗewa. A'a, ƙofar iska yake buɗewa, fetur ya biyo baya gwargwadon iskar da ta shiga. In an auna da nauyi, injin yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur. Awon nan in ya ɓaci, ko iska ta yi yawa ko fetur ya yi yawa, sai ki ji mota tana inda-inda.

Tsofaffin motocinmu iri biyu ne wajen wannan awo. Akwai masu kafireta, irin Peugeot 504 da muke kira Fijo, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Kafireta ita ke gauraya iska da fetur, ba ruwanta da lantarki. Sannan akwai masu injekta, wato yawancin 'yan Kwatano da suka cika gari. Su wata 'yar na'ura ce, ƙwaƙwalwar mota, take lissafa fetur ɗin da za a fesa, bisa labarin da wasu ƙananan ma'aunai ke kai mata.

Yanzu ga inda kike da amfani. Makanike minti kaɗan yake jin mota, ke kuwa kin shiga ta da safe, kin shiga ta da kaya, kina jin ta kullum daga ɗaki in ana tayar da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki lura da lokacin da jinkirin ke zuwa, don lokacin shi ke nuna inda ciwon yake.

Na farko, ki saurari ƙarar injin. In an taka totur injin ya yi ruri sosai amma gudun bai ƙaru ba, to injin ya amsa, ƙarfinsa ne bai isa tayoyi ba. Wannan kuloci ne ya cinye, wani lokaci har ki ji ƙauri. In motar otomatik ce, a duba man giya da ita kanta giyar. A nan ko an sayi fulogi goma asara ce.

Na biyu, in injin kansa ne ya yi shiru daidai lokacin da aka taka, kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. A mota mai kafireta wannan sanannen ciwo ne. Iska ta fi fetur sauƙi, saboda haka da an buɗe ƙofa ita ke riga shi shiga. Kamar ki sa mafici da ƙarfi a kan ɗan garwashi ne, maimakon ya kama sai ya nemi mutuwa. Shi ya sa aka sa wani ɗan famfo a jikin kafireta wanda ke tsarta fetur da zarar an taka. In robarsa ta tsufa ko 'yar kafarsa ta toshe, sai jinkirin nan ya bayyana. Robar ake canjawa, ba sai an sayi sabuwar kafireta ba. A mai injekta kuwa, a duba ko baƙin datti ya taru a ƙofar iska, ko ma'aunin iskar ya yi ƙura, ko ma'aunin da ke jikin ƙofar ya lalace. A duka biyun a duba wayar totur ko ta saki, da ƙananan tiyo na roba ko wani ya tsage yana satar iska. Mai tsagewa yakan yi 'yar ƙara kamar ta tsaki mai tsawo in mota na tsaye tana aiki.

Na uku, in lafiya lau take a cikin gari, amma da an kama tudu ko an ɗora buhunan dawa sai ta sare. Ƙasar Zuru kuwa ba a raba ta da hawa da ganganra. Wannan yawanci fetur ne ba ya isowa yadda ake buƙata. A fara da filtar mai, ita ce mai araha, kafin a taɓa famfon mai. In an duba waɗannan lafiya, a duba salansa ko ta toshe, don hayaƙi in bai fita ba sabuwar iska ba ta da wurin shiga.

Na huɗu, in tana fizge-fizge da karkarwa, wani lokaci har da 'yar fashewa, musamman da damina ko bayan an wanke ta. Wannan ashanar ce: fulogi, wayoyinsa, ko koyil. Kuma fulogi ba ya ɓoye magana. In aka kwance shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In baƙi ne mai gari kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In fari fat ne, fetur ya yi kaɗan. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ke shiga inda bai kamata ba, wannan kuwa babban aiki ne.

Na biyar, in da sanyin safiya kawai take yi, lokacin hunturu, da ta ɗau zafi ta ware. Wannan da sauƙi, cok ne a mai kafireta, ko ma'aunin zafin inji a mai injekta.

Na shida, ki tuna ranar da abin ya fara. In washegarin shan mai ne, to a zargi man. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan daga Beljiyam, motoci suka lalace, hukuma da kanta ta amsa. Balle man galan na bakin titi, wanda ruwa da datti ke iya shiga. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, da yawa lita kaɗan suke iya sha, tanki kullum a ƙasa. A mota mai injekta famfon yakan zauna ne a cikin tankin, fetur ɗin ke sanyaya shi. Yawan tafiya da ƙarshen mai yana gajarta masa kwana.

To in za a kai gyara, a fara daga mai araha. Filtar iska tukuna, don ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin ƙauyukanmu ba sa raga mata. In ta toshe za ki ga baƙin hayaƙi, mota kuma ta riƙa shan mai. Daga nan fulogi, filtar mai, wayar totur da tiyo, sannan wankin kafireta ko ƙofar iska. Famfo da nozul da ma'aunai su ne na ƙarshe. A canja abu ɗaya a gwada, kafin a canja na biyu, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba. Duk abin da aka cire, maigida ya ce a nuna masa. Kuma motocin da aka ƙera wa Amurka daga 1996, da na fetur da aka ƙera wa Turai daga 2001, suna da wata kafa, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfuta ta nuna ɓangaren da ke kuka. Kuɗin wannan awo ya fi sauƙi a kan sayen kaya da ka.

Wannan karatu bai tsaya ga mota ba. Ke mai injin markaɗe na fetur a tsakar gida, da ke mai ƙaramin janareta, kafireta ce a jikinsu. In kin zuba wake injin ya nemi mutuwa, ki tuna murhu: iska, mai, wuta. A kashe shi ya huce, a duba soson iska ko gari ya toshe shi, a duba fulogi, a duba ko ruwa ya kwanta a ƙasan kafireta. Amma don Allah kada a bar yaro ya zuƙi fetur da baki ta tiyo, kada a leƙa kafireta inji na aiki, kada a cire filtar iska a bar inji haka wai don ya yi ƙarfi, ƙura za ta cinye shi. Kada kuma a tayar da inji a rufaffen wuri, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani.

Saura yadda za ki faɗa. Kin san maza da mota, wani ya fi son a ce rigarsa ta yi datti da a ce motarsa ba lafiya. Ki bari ya ci ya huta, ki ce, "Maigida, na lura a kan tudu kawai take yi, ko za a sa su duba filtar mai kafin a sayi wani abu?" In ya gwada ya ga haka ne, gobe shi zai tambaye ki. Kafin a gyara kuma, ki roƙe shi ya haƙura da wuce manyan motoci.

Ke kuma 'yar uwa mai wasiƙa, tun yau ku yi magana da wani maƙwabci mai lafiyayyar mota, a ajiye lambarsa, kada a jira daren. Allah ya sauke ki lafiya. Ki sake rubuto mana ki gaya mana a wane lokaci motar ke yin jinkirin, da abin da aka canja a waɗancan gyare-gyare uku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.